Takardar Ranar Juma'a

Jiya da la'asar ina ƙofar gida na ji kuna yi da ni a majalisarku ta shayi. Ɗayanku, na gane muryarsa amma ba zan kama suna ba, ya ce wai Baba Mumuni a kan kujera ya tsufa a bakin titi yana kallon motoci, wai aikin da ya yi wa gwamnati ke nan. Kuka bushe da dariya har da dukan benci. Ban ji zafi sosai ba, don ita ma matata sai da muka haifi 'ya'ya biyu tana gaya wa danginta cewa ni ɗan sandan ciki ne, saboda ta rasa yadda za ta ce mijinta ƙirga motoci yake yi. Tun da kun ce aikin banza ne, ku gyara zama in ba ku labarinsa. Wanda ya gane shi duka sai ya yi mini bayani, don ni da na yi shi, har yau akwai inda kaina bai kwance ba.

Ranar da na fara, a mararrabar Kanda aka ajiye ni da ƙarfe shida na safe, kusa da wani dattijo da ake kira Baba Seidu. Tsohon ɗan sandan hanya ne, ubansa ma kaki ya sa, kakansa soja. Ya yi shekaru a tsakiyar titi da farar safar hannu, in ya ɗaga tafin nan nasa ko motar wane ce sai ta tsaya. Da ya ajiye kaki, ofishin da ke tsara hanyoyi ya ɗauke shi ƙirga, shi kuma ya riƙa jawo 'yan Zongo, wato mutanen unguwanninmu, ɗaya bayan ɗaya, har ya zama duk masu ƙirgar namu ne. Ya miƙo mini falanki mai ɗan matsi a kai, da takarda mai gidaje-gidaje, da fensir uku an fere kowanne kai biyu, da reza, da ledar rufe takarda in hadari ya taso. Agogo naka ne, amma kullum da safe sai ka daidaita shi da nasa. Biro ba ya shiga, don zufa da ruwa suna wanke shi. Na zo da ɗan abin goge fensir sabo fil a aljihu ina taƙama da shi. Ya karɓa, ya jujjuya, ya cilla a kwata.

"Wannan ba ya cikin aikina," in ji shi. "In ka yi kuskure, ka ja layi a kai, kowa ya gani."

Ita ƙirgar ba wani sirri ba ce. Mota ta wuce gabanka, ka ja sanda ɗaya a gidanta. Huɗu a tsaye, ta biyar ta gitta su, ya zama dami. Tasi da gidanta, trotro, wato bas ɗin haya, da gidanta, motar gida, lori, tifa, babur, keke, amalanke, kowa da nasa. Duk minti goma sha biyar ka sauka layin ƙasa. Abin da ba ku sani ba shi ne ido ba ya sauka kan takarda. Ido yana titi, hannu ne zai san gidan kowace mota da kansa. Ranar farko, kafin hantsi na zuba tifa bakwai a gidan keke. Baba Seidu ya leƙo ya ce, "To, Kanda ya ci gaba sosai paa. Keke na ɗaukan yashi yanzu."

Sannan ga gaisuwa. Kun san mutanenmu, ba wanda zai ce sannu ya wuce. Sai ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi tsohuwa da ƙafarta, ya gaya maka wanda ya rasu a Kotobabi. Kafin ya gama, mota ashirin ta wuce. In ka ƙi amsawa an ce aikin ofis ya sa maka girman kai, in ka amsa takarda ta lalace. Na yi wata uku kafin na iya raba bakina da hannuna, baki yana "lafiya lau, alhamdu lillahi," hannu yana zuba sanda. Direbobi kuwa sun ɗauka lambarsu muke rubuta wa 'yan sanda. Akwai wanda ya tsayar da trotro cike da mutane, ya zo ya durƙusa yana roƙona in cire shi daga takarda. Na nuna masa sandarsa a cikin dami, ƙwaya ɗaya cikin 'yan'uwanta, na ce ya nuna mini wadda ta yi kama da motarsa. Ya tafi bai yarda da ni ba.

Akwai abubuwan da ba su da gida a takarda, su ne suke ɗaure kai. Trotro ta mutu, fasinjoji sun sauko suna turawa, mota ce ko mutane? Baba Seidu ya ce duk abin da ke kan taya huɗu ya wuce layinka mota ne, ko inji ke jan sa ko ƙarti. Shanun layya fa, da suke cika titi su tsayar da komai? Ya ce a rubuta a gefe, "shanu." Dokarsa mafi girma ita ce in ka tashi daga kujerarka, ko bayan gida ka zaga, ko ruwa ya kore ka, ka bar gidajen wannan lokacin fayau. Kada ka yi ƙiyasi. A ofis akwai akawu, aikinsa ke nan, ya dubi lambar da ke sama da gurbin da wadda ke ƙasa, ya sa tsaka-tsaki. Haka muke yi kowace Juma'a. Lokacin salla ya yi, mu ajiye falanki, mu tafi masallaci, mu dawo, akawu ya cike. Ofis ya san da haka, kuma ba a taɓa samun matsala ba, don motocin sha biyu da na ƙarfe ɗaya da na biyu kusan duk ɗaya ne.

Wanda muke yi wa ƙirgar wani injiniya ne dogo siriri, mutumin bakin teku, da ya yi aiki a arewa ya tsinto Hausa irin ta bariki. Injiniya Dogo muke ce masa a bayan idonsa, Masa, wato maigida, a gabansa. Wata Litinin na kai takardu na tarar da shi a gaban wata taswira da ta cinye bango guda. Ya ga ina kallo sai ya kira ni. Jan layi, in ji shi, inda motoci ke cunkushewa ne. Baƙaƙen ɗigo, inda mota ta taɓa kaɗe mutum. Sai ga waɗansu layuka a yanke a yanke sun nufi yamma, wajen unguwar da ake kira Malam, inda ni a sanina ban da ciyawa da 'yan gidaje tsilli-tsilli ba komai.

"Wannan fa, Masa?"

"Titi ne. Mai hannu biyu."

"Na wa? Ba kowa a can."

"Shekara ashirin, Mumuni. Mu ba ya yi hanya don yau. Mu ya yi don mutanen da ba a haifa ba."

Na tambaye shi yadda ake ƙirga motar wanda ba a haifa ba. Ya ce ai daga sandunana ake samo ta, a ninka su da wata lamba, a sake ninkawa, shekara bayan shekara. Na ce ita wannan lambar daga ina take? Ya ce daga wata takardar. Na fita na bar shi ina ganin kamar duba yake yi da fensir. Amma ku je Malam yau ku nemi wurin ajiye ƙafa. Mutumin bai yi ƙarya ba. Kuma a taswirar nan tasa akwai wani titin da ya zana wanda har yau gidajen mutane ne a kai. To mai gani ne ko mai cinta, ban sani ba.

Shekarar fari da yunwa, lokacin da 'yan'uwanmu da aka koro daga Najeriya suka cika gari, ita ce shekarar da na fi shan wuya a aikin nan, kuma ba don yawan mota ba. Motar ce babu. Ba mai, ba taya, ba kayan gyara. Ka zauna tun safe a titin da da hannunka ba ya hutawa, sai ka yi minti goma ba ka ja sanda ba, ga ciki ba komai, barci yana fizgar ka. Mutane ne kawai ke ta tafiya a ƙasa, ayari-ayari, daga unguwarmu Nima har cikin gari, su kuma ba mu da gidansu. Akwai ranar da aka ajiye ni kusa da gidan mai, layin motoci ya kai inda ido ba ya gani, masu su suna turawa taku biyu su tsaya. Wata baƙar mota ta yi yini guda rabinta ya wuce layina, rabi bai wuce ba. Na tashi aiki ban san ko in sa ta ba. Duk da haka ba ranar da muka yi fashi. Ƙarshen shekara Injiniya ya ɗaure takardunmu da igiya ya jefa saman kabad, ya ce ba za su shiga lissafi ba, don wannan ba shekara ce ta yau da kullum ba. Na ce, "Masa, wace shekara ce ta yau da kullum? In san ta in na gan ta." Ya yi dariya kawai.

Yanzu ga aikin da ya sa na tara ku.

Bayan abubuwa sun ɗan daidaita, aka faɗaɗa babban titin da ya ratsa unguwarmu. An yi shi da kyau, ba laifi. Hannu biyu zuwa, hannu biyu dawowa, a tsakiya an gina dakali na siminti da ya kai gwiwa don kada motoci su yi karo. Cunkoso ya ragu, motoci suka samu sarari suka fara gudu. Sai dai unguwar ta rabu biyu. Gidanku a nan, kasuwa a can. Kai a nan, masallacin Juma'a a tsallake. Mai jini a jika ya ruga, ya haye dakali, ya jira, ya sake rugawa. Tsoho da mai goyo da mai tallar da ke kanta sai addu'a. Baƙaƙen ɗigo suka fara yawa a taswirar Injiniya, kuma wannan karon mun san sunan kowane ɗigo.

Sai labari ya zo cewa a sabon tsarin za a yi gadar sama ta masu ƙafa, guda ɗaya tak a duk tsawon titin. Wuri biyu ake dubawa: can sama wajen tashar motoci, ko nan ƙasa a bakin lungun masallaci. Inda mutane suka fi tsallakawa, nan za ta zauna. Karo na farko ke nan da aka ce mu ƙirga mutane. Mako guda, shida na safe zuwa shida na yamma. Ni da abokin aikina Fuseini aka ba mu bakin lungun masallaci, ni ina ƙirga masu zuwa, shi masu dawowa.

Unguwa ta ji, sai na zama babban mutum. Dattawa suna wucewa suna dafa kaina. Mma Adisa mai koko, wadda teburinta ke daf da kujerata, ta riƙa ƙara mini ƙosai tana cewa, "Ka rubuta paa, ka ji? Ɗanmu ne ya riƙe fensir, gada ya zo gida." Ni ma haka na ɗauka. Ba na buƙatar ƙara ko mutum ɗaya, wanda duk ya san lungun nan ya san ba a kama ƙafarsa.

Lokacin Baba Seidu ya daɗe da barin aiki. Gwiwoyinsa sun ƙi, idonsa ɗaya ya yi hazo. Gidansa yana wannan hannun, masallacin da ya yi shekara arba'in yana Juma'a a sahun gaba yana tsallake. Tun da aka gina dakalin nan ni nake tsallakar da shi. Kuma ni kaɗai, don ba ya yarda kowa ya riƙe masa hannu. In ni ne, sai ya dafa kafaɗata yana yi mini faɗa a kan wani abu, a ga kamar maigida ne da yaronsa suna maganar aiki. A wajen dakali in ɗan rage tsawo ya danna ni ya haye, ba wanda ya lura. Shi ne mutumin da nake gani in an ce gada.

Litinin zuwa Alhamis muka yi ƙirga lafiya. Wani abu ya ɗan tsaya mini a rai, don masu asuba sun riga sun tsallaka sun dawo kafin shida, masu magariba kuma suna fitowa daidai muna naɗe takarda. Amma azahar da la'asar sun shiga, na ce ba komai.

Ranar Juma'a, ƙarfe sha biyu daidai, na yi abin da na yi shekara da shekaru ina yi. Na miƙa wa Mma Adisa falankina ta sa ƙarƙashin tebur. Fuseini ya miƙa nasa, don shi ke shimfiɗa tabarmi a harabar masallaci. Na je na ɗauko Baba Seidu da wuri, kafin jama'a su yi yawa, muka tsallaka. Aka yi huɗuba, aka yi salla. Shi kuma ba ya fita sai turmutsutsu ya lafa, saboda haka sai biyu da rabi na mayar da shi gida na dawo kujerata. Na fere fensir na ci gaba. Wallahi ko ɗar ban ji ba. Na sa hannu a ƙasan takarda da yamma ina jin na yi aiki mai tsabta.

Wata huɗu bayan haka aka ji gadar ta tafi tashar motoci.

Ba zan gaya muku duk abin da na ji a bakin mutane ba. Waɗansu suka ce an saye ni. Mma Adisa ta daina ƙara ƙosai, ta daina ma kallona. Na rasa gane komai, don na san abin da idona ya gani. Na sa riga na tafi ofis na tsaya a gaban Injiniya na ce akwai kuskure a lissafinsu. Bai yi musu ba. Ya buɗe kabad ya zaro takarda ya shimfiɗa.

"Hannun wa ne wannan?"

"Nawa ne, Masa."

"Juma'a. Sha biyu zuwa biyu da rabi. Gida goma, babu komai. Ina ka tafi?"

"Masallaci."

"Wane masallaci?"

"Na tsallake."

Ya cire tabarau ya ajiye. "Wato ka tsallaka titin."

"Na tsallaka."

"Kai ɗaya?"

"Da duk Nima, Masa."

"Duk Nima nawa ne?"

Sai a nan na gane abin da ya faru. Akawu ya yi abin da yake yi kullum. Ya dubi lambar kafin sha biyu, ya dubi ta bayan biyu da rabi, ya sa tsaka-tsaki. A takarda, Juma'a a bakin masallaci ta fito kamar Talata da rana. Lokacin da dubban mutane ke ratsa titin nan, masu ƙirga su biyu suna cikinsu da carbi a hannu.

Har yau ina tambayar kaina yadda aka yi abin bai faɗo mini ba. Ba jahili ba ne ni a aikin, na koya wa mutane da yawa. Na tambayi Fuseini, ya ce, "Ai ni ban ɗauka salla zirga-zirga ne ba." Ni ma haka. Wanda zai je kasuwa mai tsallaka titi ne, wanda zai je masallaci masallaci zai je. Ga shi kuma ban karya doka ko ɗaya ba. Dokar da ta tsare ni daga ƙarya shekara goma sha biyar ita ce ta kai gadar wani wuri. Fuseini ya ce tun da gidajen fayau suke, mu nemi takardar mu cike da dami, ai mun san mutanen sun wuce. Na ce nawa za mu sa? Ya ce da yawa. Na ce da yawa ba ta da gida a takarda.

Injiniya ya ce abu ɗaya zai iya. Littafin tsarin bai fita daga hannunsa ba tukuna, saura mako guda. In na kawo masa ƙirgar Juma'a cikakkiya zai shiga da ita wurin manyansa ya gwada. Na ce ya aiko akawu ya zauna, tun da shi ba ya salla. Ya ce akawu ba zai iya ƙirga kaji a akurki ba, balle jama'a a guje, kuma gaskiyarsa. Masu hannun duk mu ne, mu kuma duk masu Juma'a ne. Na je wurin malami, ya ce aikin ceton rai ne, in zauna in yi azahar daga baya. Don in ƙara samun natsuwa na je wurin wani, ya ce wanda ya ji kira yana da lafiya ba shi da uzuri. Na koma gida da amsa biyu, na fi da rikicewa. Fuseini ya ce shi kam ba da shi ba. Ranar Alhamis na je na gaya wa Baba Seidu cewa gobe ba zan tashi daga kujera ba, na shirya da maƙwabcinsa ya kai shi. Ya ce, "Ka yi aikinka."

Tun da na balaga ban taɓa jin kiran Juma'a ina zaune ba sai ranar. Ban samu damar jin kunya sosai ba, don daga sha biyu da rabi titin ya ɓalle. Ba ɗai-ɗai suke zuwa ba. Sukan taru a baki har su yi yawa, wani mai ƙarfin hali ya sa ƙafa, sai duk su kwasa a guje, riguna suna tashi, motoci suna ihu da ƙaho. Ban taɓa irin wannan ƙirgar ba. Na bar sanda ɗai-ɗai na koma jan dami da kallo guda. Fensir ya ƙare kai ɗaya na juya, ya ƙare na zaro wani. Mutane suna wucewa suna cewa, "Mumuni, ba ka tashi?" Bakina yana amsawa, ban san me yake cewa ba.

A cikin haka na hango Baba Seidu ta wutsiyar ido, da farar riga da dardumarsa a kafaɗa, shi kaɗai. Ya sallami maƙwabcin. Ya tsaya a bakin kwalta, taku kaɗan daga kujerata. Samari suna cewa, "Baaba, mu je," yana cewa, "Ku wuce, ina jiran wani." Ayari ya tashi, ya sa ƙafa tare da su, kafin ya yi taku uku sun kai dakali, ya ja da baya. Ayari na biyu ma haka. Da jama'a suka fara raguwa sai na ga ya gyara tsayuwa, ya fito da ƙirji, ya ɗaga tafin hannunsa na dama sama sosai, irin na da. Wata tifa ta taho. Ko rage gudu ba ta yi ba, iskarta ta kaɗa masa riga. Ya sauke hannun a hankali ya sa a aljihu. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji kamar in jefar da falankin. Amma mutum shida suna kan dakali suna shirin sauka, na ja musu dami da sanda ɗaya.

Bari in gaya muku ƙarshen takardar tun yanzu. Na kai ta ranar Litinin, gida goma a cike maƙil har na fita layi. Injiniya ya daɗe yana kallonta, ya shiga da ita sama kamar yadda ya yi alkawari. Ya dawo ya ce an yaba da aikin, amma an ce ba a kafa gada don awa biyu a mako, ranar yau da kullum ake yi wa tsari. Za a ajiye ta don tsari na gaba. Gada ta zauna a tashar motoci, tana nan, kun san ta. Unguwa ta ce gurbin da na bari ne ya kashe mu. Injiniya ya ce ko na cike tun farko ba abin da zai canza. Na yi shekaru ina auna maganganun nan biyu, ban san wadda zan riƙe ba, kuma ban san wadda ta fi sauƙi ba.

Amma ba wannan ne ya fi tsaya mini ba. Ku dawo da ni kan kujera a ranar.

Aka tayar da salla a tsallake, titi ya yi shiru, ba mai wucewa. Sai a lokacin na samu na ɗaga kai sosai. Baba Seidu ya shimfiɗa dardumarsa a ƙasa gefen teburin Mma Adisa. Kuma ba shi kaɗai ba ne. A barandar wani shago da aka rufe akwai tsofaffi a jere, sun fi goma, waɗansu da sanda, ɗaya a kan kujera. Duk na san su. Mutanen sahun gaba ne a da. Daga yadda kowa ya san wurin zamansa na gane ba yau suka fara ba, ni ne ban taɓa kasancewa a wannan hannun a wannan lokacin ba balle in gan su. Suka yi azahar ɗinsu raka'a huɗu, lasifika tana kawo musu karatun liman daga tsallaken titi.

Aka sallame, jama'a suka ɓarko dawowa, na sake duƙufa har titi ya lafa. Ina hura yatsuna sai ga Baba Seidu a kaina, darduma a kafaɗa. Ya miƙo hannu na ba shi falankin. Ya kai shi daf da idonsa mai gani, ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya da yatsa, kamar yadda yake yi mini ina sabon shiga.

"Hannunka bai yi rawa ba," in ji shi. "Ba ka tsallake gida ba."

"A'a, Baaba."

Ya sake kallon takardar. "Ka sa ni?"

Na dubi takardar ni ma, kamar akwai wani gidan da ban gani ba. Masu zuwa. Masu dawowa. Shi ke nan.

"Ban sa ka ba, Baaba. Ba ka tsallaka ba."

"Daidai ne," ya ce. Ya miƙo mini falankin. "Da ka sa ni, da na yage shi."

Ya juya ya kama hanyar lungunsu yana dafa bango. Ban raka shi ba, don saura awa uku da rabi a tashi, kuma wata mata da tire a ka ta riga ta sa ƙafa a kwalta.